JAGORA A SANA'AR MAGANI: YADDA AKE RAINONSA DA YADDA ZA KA GANE SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa maigida, yau zan ɗan ajiye maganar habbatus sauda da zuma da man zaitun, in ja hankalinka zuwa ga mutumin da ke miƙo maka magani ta kan kanta. A nan Malam Madori da garuruwan da ke kewaye da mu, irin su Garun Gabas da Arki da Dunari da Tashena, idan yaro ya kwana da zazzaɓi, kemis ake fara zuwa. Sau da yawa ma a nan maganar take ƙarewa, ba a ƙarasawa asibiti. Idan damina ta yi nisa, kogin Haɗeja ya cika ya batse, hanyoyi suka yanke kamar yadda muka gani a 2020 da 2022, sauro ya yi yawa, amai da gudawa suka shigo, to mai kemis ɗin unguwa shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da shawara.

Ka ga ke nan ran iyalinka yana ratsawa ta hannunsa. To wa ya koya masa? Wa ke tsawatar masa idan ya kauce? Kuma a cikin masu wannan sana'a, wa muke ɗaukakawa har yara masu tasowa su yi sha'awar zama kamarsa? Kowace sana'a da irin shugabanninta take tafiya. Mahauta suna da Sarkin Fawa, wanzamai suna da Sarkin Aska, masunta suna da Sarkin Ruwa. Sana'ar magani ta fi su buƙatar jagora na ƙwarai, domin ruɓaɓɓen nama ido da hanci suna gane shi, amma jabun ƙwaya sai ta shiga ciki ake sanin halinta.

*JARRABAWAR DA AKA YI WA MASU MAGANI A ZAMANIN ABBASIYYA*

Malam Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, ya kawo wani labari a littafinsa na tarihin likitoci, Uyunul Anba'i. A zamanin Halifa Mu'utasim, wanda ya yi mulki daga 833 zuwa 842, babban kwamandansa Afshin yana sansanin yaƙi, masu sayar da magani sun cika wurin. Likitansa Zakariyya Aɗ-Ɗaifuri ya ba shi shawarar ya jarraba su. Sai Afshin ya ɗauko wani kundi, ya tsamo sunaye kamar ashirin waɗanda ba su da alaƙa da magani ko kaɗan, ya aika manzanni da kuɗi su je su sayo "magunguna" masu waɗannan sunaye.

Wasu masu shaguna suka ce ba su san wannan magani ba. Wasu kuwa suka ce akwai, suka karɓi kuɗi, suka ƙunso abin da hannunsu ya kai suka bayar. Afshin ya tara su gaba ɗaya. Waɗanda suka ce ba su sani ba, ya rubuta musu takardar izinin ci gaba da sana'a a sansanin. Sauran ya kore su. Sannan ya rubuta wa Halifa yana neman a aiko masa da masu magani ma'abota addini da kyakkyawan hali.

Duba da kyau, ɗan'uwa. Waɗanda suka ci jarrabawar nan, da kalmar "ban sani ba" suka ci ta. Sun bar kuɗi ya wuce su a ranar, aka ba su lasisi washegari. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe har ƙarshen wannan rubutu: babba a sana'ar magani shi ne wanda zai iya cewa "ban sani ba", ya iya cewa "babu", ya iya cewa "akwai amma ba zan sayar maka ba", alhali kuɗinka yana hannunka kana miƙa masa.

*ILIMI DA AMANA*

A Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda siffofi biyu: ƙarfi da amana. A Suratu Yusuf, da Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, tsarewa da sani ya ambata. Malamai daga nan suka fitar da cewa duk wani jagoranci a kan ƙafafu biyu yake tsayawa: iya aikin, da tsoron Allah a cikinsa. A hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito kuma, an nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, to alhakin ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa.

Magabata sun yi aiki da wannan. A biranen Musulunci akwai muhtasibi, wanda cikin aikinsa har da zagaya shagunan masu magani yana duba algus. Akwai kuma shugaban sana'ar. Ibnul Baiɗar, mutumin Malaga ta Andalus, ya yi karatu a hannun malaminsa Abul Abbas An-Nabati, suna fita daji tare suna tsinko tsirrai. Ya ratsa arewacin Afirka yana nazarin itatuwa. Da ya isa Masar, Sarki Al-Kamil ya naɗa shi shugaban masana tsirran magani na ƙasar. Littafinsa Al-Jami'u ya tattara magunguna da abinci kusan 1,400. Ya rasu a Dimashƙa a 1248. Shi Ibn Abi Usaibi'a da ya ba mu labarin Afshin, almajirinsa ne, tare suka riƙa fita bayan garin Dimashƙa duba tsirrai. Malami ya raini ɗalibi, sarki ya gane gwani ya ɗaukaka shi, gwanin ya raini wani. Haka sana'a take rayuwa.

A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Shugaba ne da ya ɗauki lafiyar talakawansa a matsayin aikinsa.

*ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU A NAJERIYA*

A 1990, sama da yara 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan parasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. Bayan haka aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. Amma kafa hukuma daban, samun mai riƙe ta daban.

A 2001 aka naɗa Dora Akunyili, masaniyar haɗa magunguna, shugabar hukumar. Ba Musulma ba ce, ba kuma 'yar yankinmu ba ce, amma adalci ya wajabta a faɗi alherin mai alheri. Ka san abin da ya fito da sunanta? Tana aiki a PTF ƙarƙashin Janar Buhari aka ba ta kuɗi ta je Ingila a yi mata tiyata. Likitocin can suka ce ba ta buƙatar tiyatar. Sai ta dawo da fam 12,000 ta mayar wa hukuma. Wannan labari ne ya yi ta yawo har ya kai kunnen masu naɗi. Ita kanta ta ɗanɗani ɗacin jabun magani, domin 'yar'uwarta mai ciwon sukari ta rasu a 1988 sanadiyyar jabun insulin. Da ta hau kujera ta ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe babbar kasuwar magani ta Onica a 2007. A Disambar 2003 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta, Allah Ya yi da sauran kwananta. Ta bar hukumar a 2008, ta rasu a 2014.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, an gane ta ne tun a ƙaramar amana, kafin a ba ta babba. Na biyu, riƙe gaskiya a wannan sana'a yana da tsada, don haka mai riƙe ta yana buƙatar jama'a a bayansa.

Kuma kada ka ɗauka an gama yaƙin. A ƙarshen 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84, wasunsu a Zariya. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, bayan binciken BBC ya nuna yadda yake fita ta bayan gida yana lalata matasanmu, maza da mata. A Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani sama da dubu a yankin Sabon Garin Kano, aka umarci dillalai su koma cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya, inda za a iya sa ido kan abin da ke shiga da fita. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan maganin da ke kan kantocinmu daga Kano ake saro shi.

*SANA'AR TANA DA MATAKAI, KA SAN SU*

Mu a ƙauye duk wanda ke bayan kanta "dakta" muke ce masa. Ba haka abin yake ba.

Akwai famasis, wato masanin haɗa magunguna. Shi ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, sannan ya yi shekara guda ta horon aiki kafin a yi masa rajista.

Akwai mataimakinsa, wanda ya yi karatun fannin a kwalejin kimiyyar lafiya, yana aiki a ɗakin magani na asibiti.

Akwai mai kemis. Lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, a cikin kwalinsu na asali. Yin allura da ƙarin ruwa ba sa cikin wannan lasisi.

Duk su ukun hukumar PCN ce ke ba su izini da duba wurarensu, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ƙara mata ƙarfi. Masu kemis suna da ƙungiyarsu ta NAPPMED. Famasis kuma suna da PSN, wadda aka kafa tun 1927, kuma ɗan Kano, Ahmed Yakasai, ya shugabance ta daga 2015 zuwa 2018. Ita PSN tana da lambar girma da take ba waɗanda suka daɗe suna hidima, shi ne za ka ga an rubuta FPSN a bayan sunan mutum. Wannan can sama ke nan. Mu a nan ƙasa, lambar girman da mai kemis yake samu ita ce cinikinka da yabon bakinka.

*ALAMOMIN DA ZA KA GANE NA ƘWARAI*

1. Yana tambaya kafin ya miƙa. Shekarun yaron nawa? Tun yaushe? Me aka riga aka ba shi? Matar tana da ciki ko tana shayarwa?

2. Idan zazzaɓi ne, yana son a yi gwajin maleriya kafin a sha magani, domin ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba.

3. Ba ya yanka maka magani gwargwadon kuɗinka. Maganin maleriya na zamani kwana uku ake shan sa cikakke. Rabin magani yana kwantar da ciwo ne ya dawo da ƙarfi, ƙwayar cutar kuma ta saba da maganin.

4. Ba ya yin "haɗi", wato a zuba ƙwayoyi kala biyar ko shida a leda babu suna babu kwali. A cikin irin wannan haɗi ake cusa magungunan kashe ciwon jiki biyu ko uku a lokaci guda, su kuwa yawan shan su yana cin ƙoda yana ƙwaƙule ciki. Mu mutanen ƙasar Haɗeja da muka san yadda ciwon ƙoda ya addabi gidajenmu, bai kamata mu yi wasa da wannan ba.

5. Yana nuna maka lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi ba tare da ɓata rai ba. Idan kwalin yana da wurin kankarewa a tura lamba ta waya don tantancewa, shi zai ce ka kankare.

6. Shagonsa yana da inuwa da iska. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30, mu kuwa a bazara zafinmu yana haura 40. Maganin da ya wuni a faranti a tsakiyar kasuwa rana na dukansa, ko da na gaske ne, ƙarfinsa ya ragu.

7. Yana korar yaron da ya zo neman tiramol ko ƙwayar barci ba takarda, ko ɗan wane ne.

8. Ya san iyakarsa. Yaro yana sanƙarewa, ko ya kasa shan nono, ko numfashinsa na sama-sama, ko idonsa ya faɗa saboda gudawa, ko mai ciki tana zubar da jini: ba zai ce bari a gwada wannan ba. Zai ce a tafi asibiti yanzu, wataƙila ma ya taya ka neman abin hawa.

Duk wanda ka samu da waɗannan halaye, ko da shagonsa bai fi ɗaki ɗaya ba, shi ne babba a sana'ar. Shi ya cancanci a sa a gaba.

*YADDA AKE RAINON JAGORA*

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yawancin masu kemis ɗinmu a hannun ubangida suka koya. Abin da yaro ya ga ubangidansa yana yi shekara uku ko huɗu, shi zai yi idan aka yaye shi ya buɗe nasa. Idan ya ga ana goge ranar wa'adi, zai goge. Idan ya ga ana ƙona maganin da ya lalace ana haƙura da asarar, shi ma zai ƙona.

Don haka kai uba, kafin ka kai ɗanka koyon kemis, ka binciki ubangidan kamar yadda kake binciken wanda zai auri 'yarka. Kada girman shago ya ruɗe ka. Kuma kada ka cire yaro daga makaranta don zaman shago. Sunayen magani da ma'auninsa a rubuce suke, wanda bai iya karatu da lissafi sosai ba zai iya ba jariri ma'aunin babba. Idan yaron yana da ƙoƙari a kimiyya, a tura shi gaba. Ga kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun, ga jami'o'i. Masu hali a cikinmu, ɗaukar nauyin yaro ɗaya har ya zama famasis ya dawo gida ya yi aiki, sadaka ce mai gudana. 'Ya'ya mata ma haka. Matanmu da yawa suna ɓoye ciwonsu don kunyar faɗa wa namiji a kan kanta, su koma aiken yara. Mace masaniyar magani a gari rahama ce ga gidaje.

Ku kuma manyan masu kemis, yaron shagonku amana ne. Ku zaunar da shi ku koya masa dalilin kowane magani, ba farashinsa kaɗai ba. Idan hukuma ta kira horo, ku tura shi. Idan ya hana wani magani don ya ga bai dace ba, ku yaba masa a gaban mai sayen, kada ku zage shi don ciniki ya wuce. Ranar zaɓen shugabannin ƙungiya kuma, ku tuna da jarrabawar Afshin. Shugaban da aikinsa kawai shi ne sanar da ku cewa masu bincike suna hanya a rufe shaguna, bai tsare muku mutunci ba. Na ƙwarai shi ne wanda zai fara shiga shagunanku da kansa ya ce a gyara kaza, kafin baƙo ya zo ya gani.

*MU MA MASU MAGANIN MUSULUNCI DA NA GARGAJIYA*

Wannan ma'auni bai tsallake mu ba. Hausawa suna cewa magori wasa kanka da kanka, kuma ga shi nan muna ji a lasifika: kwalba ɗaya wai tana maganin ciwo arba'in. Mai maganin da bai taɓa cewa "wannan ya fi ƙarfina, je asibiti" ba, ka yi hattara da shi. Ka kuma sani, lambar da NAFDAC ke ba maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba ya cutarwa, ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa a jikinsa. Idan kana shan maganin hawan jini ko na sukari, kada ka ajiye shi don wani jiƙo, kuma ka faɗa wa likita da mai ganye duk abin da kake sha.

Idan aka sami shugabanni masu hankali a ɓangarorin biyu, alheri yana fitowa. A cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, masana sun saurari wani mai maganin gargajiya, suka ɗauki haɗinsa suka yi bincike, aka fitar da maganin Niprisan na rage tashin ciwon sikila. A cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke cikin ɗakunan iyayenmu mata. Masanin bai raina mai ganye ba, mai ganyen bai ƙi a gwada maganinsa ba.

*NAKA KASON, MAIGIDA*

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau nawa mai kemis ya ce a je a yi gwaji, aka fita ana cewa bai iya aiki ba, aka tafi wurin wanda zai soka allura nan take? Sau nawa aka ce wane yana da tsada, aka koma wurin mai araha ba a tambayi dalilin arahar ba? Duk ranar da muka yi haka, mun hukunta mai gaskiya mun saka wa mai ha'inci, yaran shago kuma suna kallo suna koyon wanda ya fi riba.

Ga abin da nake roƙonka. Ka zaɓi mai magani ɗaya da ka yarda da iliminsa da amanarsa, ka riƙe shi, ya san iyalinka da ciwukansu. Idan ya hana ka wani abu, ka yi masa godiya. Idan ya ba ka bashi cikin dare, ka biya da wuri, domin bashi ne ke karya masu kirki a wannan sana'a. Ka ambaci alherinsa a majalisa da wurin ɗaurin aure. Limamai da masu unguwanni da dagatai, idan ana karrama mutane a gari, a tuna da mai kemis ɗin da ya shekara ashirin ba a taɓa kama shi da jabu ba. Yabon gwani ya zama dole. Wanda kuma aka tabbatar yana sayar wa yara ƙwaya, a yi masa nasiha a asirce, in ya ƙi a kai maganarsa ga mai unguwa da hukuma. Rufa masa asiri cin amanar maƙwabta ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya albarka a hannun masu yi mana magani, Ya shugabantar mana da masu tsoronSa. Wallahu a'alam.

A tura wa 'yan'uwa, musamman masu kemis da iyayen yaran da ke koyon sana'ar.